Fatsa da Sandar Gora: Dabarun Kama Kifi Mai Farauta a Ruwayen Adamawa

 Shirin faɗakarwa na wannan mako ya shafi fatsa, wato kamun kifi da ƙugiya da zare, tare da bayanin yadda ake haɗa sandar da ake yin ta da ita daga kayan da ke samuwa a gida.

Sana'ar su tana da rassa da yawa, kuma kowane reshe da kayan aikinsa. Akwai taru, doguwar ragar da mutane da yawa ke ja daga ruwa zuwa gaɓa. Akwai birgi, ragar da mutum ɗaya ke wurgawa ta buɗe kamar faifai kafin ta nutse. Akwai kalli, wanda ake shimfiɗawa a cikin ruwa a bar shi ya kwana. Sannan akwai koma, wadda masuntan Argungu ke shiga ruwa da ita suna kwance a kan goransu. A cikin waɗannan duka fatsa ce aka fi rainawa, har a wurare da dama ana ɗaukarta wasan yara ne a bakin rafi, alhali kuwa ita ce ta fi bukatar sanin halin kifi, domin raga tana kama duk abin da ya faɗa mata ko mai ita ya sani ko bai sani ba, amma ƙugiya ba ta kama komai sai an lallashi kifin ya buɗe baki da kansa. Wannan ne ya sa mai fatsa yake da ikon da sauran masunta ba su cika samu ba, wato ikon zaɓen irin kifin da zai kama da girmansa, da kuma ikon mayar da ƙarami cikin ruwa da ransa.

Kafin a yi zancen dabara, wajibi ne a san ruwan da ake magana a kansa. Kogin Yedzaram, wanda garin Mubi ke zaune a bakinsa, ya taso ne daga duwatsun Mandara, ya nufi arewa, ya ratsa ƙasar Borno ta wajen Bama yana dosar Tafkin Chadi. Kogi ne na damina, wanda ke cika ya tumbatsa a watannin Agusta da Satumba, sannan ya janye da rani har ya zama yashi da 'yan gurabun ruwa nan da can. Irin wannan ruwa ya fi dacewa da tarwaɗa da ƙarfasa, masu jure zafi da ƙarancin iska. Manyan kifaye masu farauta kuwa suna bukatar ruwa mai zurfi wanda ba ya ƙafewa, kamar kogin Binuwai a Yola da Numan, da madatsar Kiri da aka kammala a 1982 a kan kogin Gongola a ƙaramar hukumar Shelleng, da madatsar Lagdo ta Kamaru kusa da Garwa, wadda ita ma aka kammala a 1982, da kogin Faro da ke zubowa cikin Binuwai kusa da kan iyaka.

A Amurka akwai wani kifin ruwan daɗi mai faɗin baki da ake kira bas, wanda aka gina babbar sana'a a kan kama shi da fatsa, da gasanni da mujallu da masana'antun kayan aiki. Ba babban kifi ba ne idan aka auna shi da na nan, domin wanda George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932, wanda ya daɗe shi ne mafi nauyi a tarihin wannan wasa, kilo 10 ne da ɗan ɗoriya, kuma sai a 2009 wani Bajapane mai suna Manabu Kurita ya kamo irinsa a tafkin Biwa. Kifin da ya yi daidai da shi a ɗabi'a a ruwayen Adamawa shi ne giwan ruwa, wanda masana ke kira Lates niloticus. Ba danginsu ɗaya ba, amma yanayin farautarsu kusan ɗaya ne: kowannensu yana laɓewa ne ya jira, idan ƙaramin kifi ya gifta sai ya buɗe bakinsa farat ɗaya, ruwa ya kwarara ciki tare da abincin. Bambancin shi ne giwan ruwa yana iya kaiwa tsawon mita 2 da nauyin kilo 200, ko da yake irin wannan ya yi wuya a yau. Kifin da ya ci gasar Argungu a 2005 kilo 75 ne, kuma sai da ƙarti huɗu suka taru kafin a ɗora shi a ma'auni.

Tunda giwan ruwa ɗan kwanton ɓauna ne, tambaya ta farko ga mai fatsa ita ce inda yake laɓewa. Ba ya zama a fili a tsakiyar ruwa inda babu komai, sai a gindin dutse, ko cikin rassan itacen da ya faɗa ruwa, ko ƙarƙashin gaɓar da ruwa ya zaizaye ya yi mata rami, ko kuma a daidai inda ƙasa mai tudu ta gangara farat ɗaya zuwa zurfi. A kogi mai gudu, wuri mafi albarka shi ne inda ruwa mai ƙarfi ya haɗu da ruwa mai kwanciya, kamar bayan babban dutse, domin a nan kifin yakan huta ba tare da ya gaji da iyo ba, alhali igiyar ruwa tana kawo masa abinci har bakin ƙofa. A madatsun ruwa irin Kiri, tsohuwar hanyar kogin tana nan a ƙarƙashin tafkin, kuma gefunanta su ne hanyoyin da manyan kifaye ke bi. Wanda ya zagaya bakin ruwa a watan Afrilu, lokacin da ruwa ya yi ƙasa sosai, ya lura da duwatsu da kututture da ramuka, ya riƙe su a ka, ya mallaki ilimin da zai ci moriyarsa bayan ruwa ya dawo ya rufe su.

Tambaya ta biyu ita ce lokaci. Idon giwan ruwa yana da wani shimfiɗi a bayansa mai mayar da haske, shi ya sa yake ƙyalli idan an haska shi da tocila, kuma shi ya sa yake gani a duhu fiye da ƙananan kifayen da yake ci. Saboda haka farautarsa ta fi ƙarfi daga asuba zuwa hantsi, da kuma daga la'asar sakaliya zuwa bayan magariba. Da tsakar rana yakan koma zurfi. Zafin jikin kifi yana bin zafin ruwa ne, don haka a tsakiyar hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, idan ruwa ya yi sanyi, cinsa yakan ragu, sai an kai masa abinci kusa kuma an ja shi a hankali. Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma, kuma maganar gaskiya ce a zahirinta, domin a ruwa mai garau inuwar mutum da farar riga da takun ƙafa a kan gaɓa sun isa su kori kifi kafin a jefa ƙugiya.

Akwai kuma wata gaɓar ji da kifi ke da ita wadda mutum ba shi da irinta. Duk wanda ya duba gefen kifi da kyau zai ga wani siririn layi da ya tashi daga bayan kai zuwa wutsiya. Wannan layin jerin ƙananan ƙofofi ne masu jin motsin ruwa, kuma da shi kifi mai farauta ke gane cewa wani ƙaramin kifi yana iyo a karkace saboda rauni, ko da ruwan ya yi jawur da laka. A kan wannan aka gina duk dabarar ƙoto, wato abin da ake maƙalawa a ƙugiya domin jan hankalin kifi. Ƙoto mafi inganci ga giwan ruwa shi ne ƙaramar ƙarfasa ko ƙawara mai rai, a soka mata ƙugiya a baya, ƙasa kaɗan da ƙayar gadon bayanta, ba tare da an taɓa ƙashin baya ba, domin ta daɗe tana motsi. Akwai kuma ƙoton ƙarya, wanda ake sassaƙawa da itace ko a ƙera da ƙarfe. Wani matalaucin masunci a ƙasar Finlan mai suna Lauri Rapala ya sassaƙa irin wannan a 1936 da wuƙa, ya naɗe shi da takardar azurfa ta alewa, ya yi ta gyara shi har ya riƙa rangaji a ruwa kamar kifi mai ciwo, kuma sunansa ne kamfanin Rapala ke ɗauke da shi har yau. Abin da ya yi bai fi ƙarfin maƙeri ko masassaƙi a Mubi ba. Ana iya yanke hannun ƙaramin cokalin shayi, a huda kan cokalin a gaba da baya, a sa ƙugiya a ɓangare ɗaya, zare a ɗaya, idan aka ja shi a ruwa sai ya riƙa juyi yana walƙiya. Sirrin yana ga hannun mai ja: a ja, a dakata, a bar shi ya ɗan nutse, a sake ja, domin sau da yawa a lokacin dakatawar ne kifi ke kai cafka.

Sauran kifayen kowanne da nasa hukunci. Tsage yana da haƙora masu kaifi a waje da baki, waɗanda ke datse zaren nailan nan take, don haka sai an sa waya mai tsawon kamu ɗaya tsakanin ƙugiya da zare, kuma silin wayar birkin keke yana yin wannan aiki. Tarwaɗa da hanci da gashin baki take neman abinci, a ƙasa, galibi da dare, don haka tana da hanjin kaza da duk abin da ke da wari sun fi mata, tare da ɗan guntun darma da zai kai ƙugiyar ƙasa. Ƙarfasa kuwa bakinta ƙarami ne, tana son ƙaramar ƙugiya da siririn zare da gara ko tana, da 'yar totuwar kara a saman ruwa wadda nutsewarta ke shaida cewa an taɓa.

Sanda tana yin aiki uku: tana kai ƙoto inda hannu ba ya kaiwa, tana isar da motsin kifi zuwa tafin mai riƙe da ita, sannan tana lanƙwasa ta shanye fizgar kifi domin kada zare ya tsinke. Wannan na ukun shi ne mafi muhimmanci, kuma shi ne dalilin da ya sa sanda mai tauri kamar taɓarya ba ta da amfani, haka ma mai laushi kamar tsumagiya. A ƙasashen waje an bi matakai kafin a zo inda ake a yau. A shekarun 1870 Hiram Leonard na Amurka ya shahara da tsaga gora gida shida, ya feƙe kowane tsagi, ya manne su su zama sanda mai kusurwa shida; a shekarun 1940 aka fara yin sanda da zaren gilashi; a 1973 kuma kamfanin Fenwick ya fito da ta zaren gawayi, mai sauƙin nauyi da tsada. Abin lura shi ne har gobe sandar gora ta hannu tana cikin mafiya daraja a wurin masana wannan fanni, kuma gorar da ke fitowa a bakin rafuka da gindin duwatsu a wannan yanki tana da wata falala, domin cikinta kusan a toshe yake, ba rami ne mai faɗi ba, abin da ke ƙara mata ƙarfi.

Aikin yana farawa ne tun daga zaɓe. Gorar da ta dace ita ce wadda ta shekara uku ko fiye, wadda korenta ya fara komawa ruwan ɗorawa, mai gaɓoɓi kusa da juna, wadda kaurinta ke raguwa a hankali daga gindi zuwa kai ba tare da rami ko tabon ƙwaro ba. Da rani ake saranta, lokacin da ruwan jikinta ya ragu. Bayan an sare ta, sai a datse rassan da wuƙa mai kaifi daga ƙasa zuwa sama, a bar ɗan tudu a kan kowace gaɓa, kada a shafe shi ƙwal, domin ƙarfin gora yana a fatarta ne, kuma duk inda aka ci fatar da yawa nan ne za ta karye. Sannan a ɗaure ta ta kai a rataye a rumfa ko zaure, a ɗaura dutse ko bulo a gindinta domin nauyin ya miƙar da ita, a bar ta watanni biyu zuwa uku a inuwa. Gaggawa a nan ita ce babbar ɓarna, saboda gorar da aka shanya a rana tsagewa take yi.

Idan ta bushe aka ga sauran karkata, da wuta ake gyarawa. Ana riƙe wurin da ya karkace a saman garwashi, ba a cikin harshen wuta ba, ana jujjuya shi har fatar ta fara naso, wani ɗan maiƙo ya fito yana sheƙi. A daidai wannan lokaci gorar ta yi laushi, sai a danna ta a gwiwa ko a gefen turmi a hankali har ta wuce miƙewa kaɗan, a riƙe ta haka, a shafa mata jiƙaƙƙen tsumma ta huce. Mai aikin yakan ɗaga ta ya kai gindin kusa da ido, ya leƙa tsawonta kamar mai duba kibiya, ya juya ta, ya sake leƙawa, gaɓa bayan gaɓa. Idan wurin ya yi baƙi, an ƙona shi, kuma ba shi da magani.

Sanda iri biyu ce. Ta farko ita ce doguwa mai mita 3 zuwa 4, wadda ake ɗaura wa zare kai tsaye, kuma ita ce ta dace da gurabun Yedzaram. Kuskuren da aka fi yi da ita shi ne ɗaura zaren a tsinin kai kaɗai, ta yadda idan babbar tarwaɗa ta karya kan, ta tafi da ƙugiya da zare gaba ɗaya. Daidai shi ne a fara ɗaurin daga kusa da mariƙi, a nannaɗo zaren a jikin sandar har zuwa kai, sannan a ƙulle shi a can, domin ko kai ya karye kifin yana nan a hannu. Ta biyu ita ce gajeriya mai kimanin mita 2, mai kauri, wadda ake sa wa na'urar naɗe zare mai kama da kwarkwaron masaƙa, kuma ita ake bukata ga giwan ruwa, domin kifin da zai ja zare mita 50 a gudu ɗaya ba a tsayar da shi da ƙarfin tsiya.

Ita wannan ta biyun tana bukatar zobba, wato ƙananan ƙawanyoyin da zare ke bi ta cikinsu. Kafin a ɗaura su, sai an gano ɓangaren da sandar ta fi son lanƙwasawa: a kafa gindinta a ƙasa mai santsi, a tallafe kanta da tafin hannu ɗaya, a danna tsakiyarta da ɗayan ana mirgina ta, za a ji ta yi tsalle ta zauna a wani gefe. A kan wannan layi ake jera zobban, in ba haka ba sandar za ta riƙa murɗewa a hannu duk lokacin da kifi ya ja. Sanda mai mita 2 tana ɗaukar zobba 7 ko 8, babba a kusa da mariƙi, suna ƙanƙancewa suna kuma matsowa kusa da juna yayin da ake dosar kai. Ana lanƙwasa su da wayar da ba ta tsatsa, a goge ƙafafunsu da magagari su yi fele-fele, a fara riƙe su da salatif, a zura zare a ɗaura masa nauyi a ga yadda sandar ta lanƙwasa. Duk inda zaren ya taɓa jikin gora ko ya yi kusurwa mai kaifi, sai a gusar da zoben. Bayan an gamsu, sai a naɗe ƙafar kowane zobe da zaren nailan irin na masu ɗinkin takalma, layi kusa da layi ba tare da hawa kan juna ba, a cusa ƙarshen zaren a ƙarƙashin naɗin da taimakon ɗan madauki, a shafe shi da gam mai haɗi biyu irin Araldite, ana juya sandar lokaci lokaci har ya daskare domin kada ya taru a gefe ɗaya. Mariƙi kuwa robar cikin tayar keke ta wadatar, a yanka ta siriri a naɗe tam. A ƙarshe a shafa wa sandar banish sau biyu ko uku, a toshe gindinta, a kuma riƙa ajiye ta a rataye, ba a jingine da bango ba.

Kyan sanda ba ya hana a rasa kifi idan hannu bai iya ba. Zaren nailan yana raunana da zafin gogayya, don haka a jiƙa kowane ƙulli kafin a tsuke shi. Idan giwan ruwa ya kama, yakan yi tsalle sama yana girgiza kai domin ya tofar da ƙugiya, kuma a wannan lokaci sassauta zare daidai yake da sallamarsa. Ana riƙe sandar a karkace, ba a miƙe tsaye sak ba, domin idan ta miƙe nauyin duka yana komawa kan siririn kai ya karya shi. A kuma kiyayi murfin kuncinsa, wanda ke da kaifi kamar aska.

Duk wannan ilimi ba shi da amfani a ruwan da babu kifi. Macen giwan ruwa ta fi namiji girma kuma ta fi shi jinkirin balaga, amma idan ta kai, tana zuba ƙwai miliyoyi, don haka kama ƙanana kafin su hayayyafa yanke zuriya ne. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da abubuwan fashewa da lantarki, ta kuma hana ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, sai a wasu keɓaɓɓun nau'o'in su. Wanda ya zuba maganin ƙwari irin Gamalin a gurbin ruwa da rani ya kashe ƙwai da 'ya'ya, ya sa guba a ruwan da shanu da mutane ke sha, kuma babu uzurin talauci da zai wanke wannan aiki. Masu gasar bas a Amurka, ƙarƙashin ƙungiyar da Ray Scott ya kafa a 1968, sun fara mayar da kifi ruwa da rai tun 1972, bayan sun fahimci cewa wasan nasu zai cinye kansa. Yin haka yana da ƙa'ida: a jiƙa hannu kafin a taɓa kifin domin kada a goge yauƙin da ke kare fatarsa, a cire ƙugiya da sauri, kuma wanda ya danne kunnen ƙugiyarsa da filaya zai ga cirewar ta zo da sauƙi. Haka nan kada sha'awa ta sa wani ya ɗauko baƙon kifi ya zuba a ruwan da ba nasa ba, domin giwan ruwan nan da ke zaune lafiya a Binuwai, da aka kai shi Tafkin Biktoriya a shekarun 1950, ya taimaka wajen ɓacewar ɗaruruwan nau'o'in ƙananan kifaye.

Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi, wadda aka kafa a 2002, tana da sashen nazarin kifi da kiwonsa, kuma ya dace matasan da ke son wannan sana'a su kusanci masana irin waɗannan, kamar yadda ya dace su nemi izinin sarkin ruwa a duk inda suka je baƙunta, domin shi ya san gurbin da aka hana da kuma inda dorina ke kwana, musamman a Kiri. Masu sauraro su tuna cewa ambaliyar 2012 da ta 2022 sun nuna yadda Binuwai ke tashi idan an saki ruwan Lagdo, cewa Yedzaram kan kawo ruwa daga duwatsu ko ba a yi ruwan sama a cikin gari ba, cewa tsayuwa a ruwa mai kwanciya na jawo tsargiya, kuma cewa sandar zaren gawayi tana ɗaukar lantarki, don haka a kwantar da ita da zarar hadari ya taso, a kuma nisanta ta daga wayar wuta. Iyaye su hana yara zuwa fatsa su kaɗai a watannin Agusta da Satumba. Wanda kuma ke son sandarsa ta kasance a shirye kafin ruwan Mayu ya sauka, to ya sari gorarsa tun a watan Janairu.